Tukunya Cikin Tukunya: Darussan Ƙarshen Shekara Kan Ƙirƙira da Gina Kai

(Jawabin da aka gabatar a babban taron ƙarshen shekara na ƙungiya)



Bisa al'ada, idan shekara ta zo ƙarshe mukan zauna mu yi lissafin kuɗin da ya shigo da wanda ya fita, da ajujuwan da aka gyara, da rijiyoyin da aka haƙa. Wannan lissafi ma'aji zai kawo mana shi. Abin da aka ɗora mana a yau shi ne lissafi na biyu, wato na tunani: me ilmin da muka fito nema a birni ya ƙara mana, kuma me ya ƙara wa garin da ya haife mu? Domin amsa wannan tambaya mun zaɓi tarihin mutum biyu waɗanda yumɓu, abin da muke takawa kullum, ya kai sunansu duniya.

Na farko shi ne marigayi Malam Mohammed Bah Abba, malami a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, wanda ya tashi a gidan maginan tukwane. Ya lura da wata asara da kowa a cikinmu ya sani: a ƙauyen da babu wutar lantarki, manomi ba ya iya ajiye tumatir ko alayyafo, tilas ya sayar a ranar da ya ɗebo, ko nawa mai saye ya taya. Sau da yawa 'yan mata ake ɗora wa tallan, makaranta kuwa sai ta jira.

Abin da ya yi a tsakiyar shekarun 1990 mai sauƙi ne. Ya sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, ya cika tsakaninsu da yashi, ya jiƙa yashin, ya zuba kayan lambu a ƙaramar, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan da ke cikin yashin yana tsattsafowa ta jikin babbar tukunya, iska tana busar da shi, kuma duk ruwan da ya bushe yana tafiya da zafi, sai cikin ƙaramar ya yi sanyi. Ana ƙara ruwa kamar sau biyu a yini, a ajiye ta a inuwa inda iska ke kaɗawa. A gwajin da ya yi, yalo ya kai kwana 27 maimakon 3, alayyafo ya kai kwana 12 maimakon kwana ɗaya, tumatir da tattasai kuwa suka kai mako uku. A shekarar 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex tare da dala 75,000, kuma dabarar ta bazu har ƙasar Sudan.

Darasi na farko ke nan: ƙirƙira ba lallai sai mutum ya zo da abin da ido bai taɓa gani ba. Kakanninmu mata sun san ruwan randa ya fi na bokiti sanyi tun kafin a haifi kowa a wannan zaure. Abin da Malam Bah Abba ya ƙara shi ne tambayar dalili, sannan ya haɗa amsar da ya samu a makaranta da sana'ar da ya tarar a gida. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an sami wanda ya san ciwon.

Darasi na biyu shi ne dabara ba ta amfanar kowa matuƙar tana cikin kan mai ita. Da albashinsa ya sa magina suka gina tukwane 5,000 na farko, ya raba su kyauta a ƙauyuka. Da ya ga bayanin baki bai wadatar ba, kuma yawancin mutanen ba sa karatun boko, sai ya shirya wasan kwaikwayo, aka ɗauka a bidiyo, ana haska shi da majigi da janareta a dandalin ƙauye. Gani ya kori ji. Mu lura kuma bai kawo kaya daga waje ba. Maginan yankin ne suka sami aiki.

Mutum ta biyu ita ce Ladi Kwali, Bagwariya daga garin Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20. Ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya a wajen danginta, ta gwanance har Sarkin Abuja Alhaji Sulaimanu Barau yana tara tukwanenta a fadarsa. A can ne Baturen nan Michael Cardew ya gan su. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da ya kafa a Abuja, wato Suleja ta yanzu, ita ce mace ta farko da ta shiga. Tana da suna, tana da masu saye, amma ta yarda ta koma ɗaliba, ta koyi gini a kan na'ura mai juyawa da gashi a tanda mai tsananin zafi, ba tare da ta yar da zanen ƙadangare da kifi da kada da ta gada ba. Ta nuna fasaharta a Ingila da Amurka, kuma a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa. Ta rasu a 1984.

Darasi na uku yana cikin rayuwarta: mutum yana ci gaba da girma ne muddin bai ji kunyar sake zama ɗalibi ba. Wannan ya shafe mu ƙwarai, mu da muka yi shekaru a ofis ko a kasuwa har ake kiranmu manya. Ranar da darakta ya ga ya fi ƙarfin tambayar maƙeri yadda ake kaifafa garma, ko ɗan kasuwa ya ga ya tsufa da koyon ajiye lissafi a waya, ranar ce girmansa ya tsaya, ko da albashi da riba suna ƙaruwa.

'Yan uwa, ba mun kawo wannan tarihi don a yi tafi a tashi ba. Tukunya cikin tukunya ba za ta ɗauki kwando ɗari na tumatirin fadama ba, kuma aikinta yana raguwa da damina idan iska ta yi laima. Amfaninta na gida ne da na ƙaramin mai sayarwa. Abin da muke so mu ɗauka shi ne hanyar tunanin. Har yanzu ana shanya kauɗar tumatir a ƙasa a bakin titi, ƙura da yashi suna karya mata daraja. Har yanzu ƙwari suna cin wake a rumbu. Maginan tukwane da masaƙa da majema suna tsufa, 'ya'yansu suna birni suna kabu-kabu. Idan waɗannan dattawa suka wuce ba wanda ya karɓa, ilmin zai bi su kabari, kuma babu kuɗin gidauniyar da zai dawo da shi.

Saboda haka muna gabatar wa wannan taro da shawarwari uku. Na ɗaya, duk wanda ya je gida hutu ya keɓe yini ɗaya ya zauna da manoma da masu sana'a, ya rubuto asara guda da ya gani da idonsa, ya miƙa wa reshensa. Na biyu, ƙungiya ta ware wani kaso na asusunta don gwaji, a haɗa ɗalibanmu na jami'a da kwaleji da masu sana'ar gida su yi aiki tare, kuma kada a ɗauki gwajin da bai yi nasara ba a matsayin ɓarnar kuɗi, domin ta haka ake gano wanda zai yi. Na uku, kowanenmu ya zaɓi abu ɗaya da bai iya ba, ya koye shi kafin mu sake haɗuwa, sannan ya koya wa yaro ɗaya a gida.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mu dai ba mu bar gida ba, nema ya fito da mu. Fatanmu shi ne a taron baɗi, bayan ma'aji ya gama karanta nasa lissafin, kowane reshe ya tashi ya faɗa mana abin da ya gwada da abin da ya koya.

 Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya kai mu sabuwar shekara cikin zaman lafiya da wadata.