Jirgin Fito Da Hanyar Asibiti: Wa Ke Sa Ido A Bakin Ruwa?

(Jawabin da wani ɗan kasuwa daga cikinmu ya gabatar a taron ƙungiya)

 



An nemi mu ce wani abu game da ƙauyukan da ruwa ke kewayewa a wannan yanki, da yadda hukuma ke kula da fiton jama'arsu da lafiyarsu. To, mu dai ba ma'aikatan gwamnati ba ne, ba kuma likitoci ba. 'Yan kasuwa ne, karatunmu na allo ne da Islamiyya. Amma duk wanda ke sayen kifi da shinkafa da barkono a hannun mutanen fadama ya san hanyar da kayan nan ke biyowa kafin su iso rumfarsa.

Da yawanmu iyayenmu da kakanninmu sun zo nan ne daga Kano da Haɗeja da Katsina da Damagaram, musamman bayan da layin dogo ya iso Nguru a 1930, aka shiga cinikin gyaɗa da fata da ƙaro. Mangawa da Badawa suka karɓe su hannu biyu. Yau ga unguwar Hausari a Nguru, ga Sabon Gari a Gashuwa. Nan aka haife mu, nan muka binne iyayenmu. Saboda haka abin da ya sami ƙauyen bakin ruwa, mu ya sama.

Bari mu fara da yadda aka yi ƙauyukan nan suka zama tsibirai. Kogin Haɗeja da kogin Jama'are su ne ke malalowa su bazu a fadamun nan, sannan su haɗu kusa da Gashuwa su zama kogin Yobe. A da, ruwa yakan zo da damina, ya janye da rani, manomi ya bi sawunsa da shuka, ɗan tireda ya bi ƙafa da jakinsa. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, sai tafiyar ruwan ta sake. Ya daina zuwa da ƙarfin da ke share hanyarsa, ya koma tsiyaya rani da damina. Laka ta taru, kachala ta samu wurin zama ta toshe tsofaffin hanyoyi, ruwa ya karkata ya bi ta Marma zuwa tafkin Nguru. Wasu garuruwa suka rasa ruwa, wasu kuma ya yi musu zobe. Idan shekara ta zo da ambaliya irin ta 2012 ko ta 2022, har garuruwan da ke da hanyar mota sai su wayi gari babu shiga babu fita sai da kwalekwale.

To, jama'a, ga mutumin da ke zaune a irin wannan wuri, jirgin fito shi ne motar kasuwa, shi ne motar biki, shi ne kuma motar asibiti. Wannan ita ce maganar da muka zo da ita yau. Ba za a raba zancen jirgi da zancen lafiya ba, domin hanya ɗaya ce.

Dukanmu mun san abin da ya faru a farkon watan Janairu na 2026. Jirgi ya taso daga Adiyani ta ƙaramar hukumar Guri a Jihar Jigawa, zai zo Garbi ta ƙasar Nguru, ɗauke da mutum fiye da 50, bayan faɗuwar rana. Ya kife, aƙalla mutum 25 suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyalansu haƙuri. Kafin wannan, a ƙarshen watan Nuwamba na 2021, an yi irinsa a Bagwai ta Jihar Kano, inda yawancin waɗanda suka rasu 'yan makarantar Islamiyya ne da suka taso daga Badau za su Maulidi. A wannan shekarar dai aka yi na Warra a Jihar Kebbi. In ka duba irin waɗannan haɗura a ƙasar nan, abubuwa huɗu za ka yi ta tararwa: lodi ya wuce kima, jirgi ya tsufa, tafiyar dare, kuma babu rigar ceto.

Ajali gaskiya ne, babu mai musu. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa dogaro ga Allah ba ya hana riƙo da sababi, kuma duk wanda aka ɗora wa jama'a za a tambaye shi a kansu.

To wa aka ɗora wa? A nan ne ake samun ruɗani. Akwai hukumar tarayya mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, wato NIWA, wadda aka kafa a 1997, hedkwatarta tana Lakwaja. A 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a shari'ar da ta shafi Jihar Legas, cewa ikon tsara sufuri a hanyoyin ruwa na tarayya ne. Dokokin hukumar kuwa a fili suke: kada a yi tafiyar dare, kada a wuce adadin da jirgi zai ɗauka, kowane fasinja ya sa rigar ceto, jirgi ya zama da rajista. Dokoki masu kyau. Sai dai daga Lakwaja zuwa Garbi ba nan kusa ba ne. Doka tana takarda, jirgi yana ruwa, wanda zai tsaya tsakaninsu ya ƙirga kawuna shi ne babu. Hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha tana ƙoƙarinta, amma aikinta yakan fara ne bayan abu ya faru. Madatsun da ruwan ke fitowa daga cikinsu kuma suna hannun wata hukumar daban, ta kogunan Haɗeja da Jama'are, a Kano. Ga shi kuma jirgi kan taso daga wata jiha ya sauka a wata. Idan masu jego suka yi yawa, wani lokaci sai jariri ya kwana babu wanka.

Yanzu mu dawo kan lafiya. Ruwan da ya kwanta cikin kachala gidan sauro ne, kuma gidan ƙananan dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya. Yaro ya shiga wanka ko kamun kifi, bayan ɗan lokaci a ga yana fitsarin jini, wasu ma su ɗauka alamar girma ce. Ba girma ba ne, cuta ce, kuma in ta daɗe tana ɓata mafitsara, tana iya taɓa ƙoda. Maganinta ƙwaya ce da ake rabawa kyauta a makarantu. Amma mai rabawar, da mai allurar rigakafi, da malamin asibitin da zai kai maganin zazzaɓi, dukansu sai sun shiga jirgin nan. Haka idan ambaliya ta haɗe masai da rijiya, amai da gudawa ya ɓarke, ruwan gishiri da sukari da ƙarin ruwa ta nan za su bi. Ranar da jirgi bai tashi ba, asibiti bai je ba.

Ku ɗauki macen da naƙuda ta zo mata da gardama cikin dare. Ungozoma ta yi iya yinta ta ce sai asibiti. Akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Nguru, akwai babban asibiti a Gashuwa, amma suna ƙetare. Doka ta ce ba a tafiyar dare. Mijinta zai jira gari ya waye? Ba zai jira ba, kuma babu mai ganin laifinsa. Ke nan hana tafiyar dare kaɗai ba ya isa, sai an tanadi jirgin da zai iya tafiyar daren lafiya, mai inji da fitila da matuƙin da ya san hanya.

Sai kuma ciwon ƙoda, wanda babu gidan da bai san zafinsa ba a Gashuwa da Jakusko da Nguru. Gwamnatin jiha ta sa masana na Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu su bincika dalilin yawansa a wannan yanki, kuma ruwan sha yana cikin abin da suka duba. Mun yaba da wannan. Abin da likitoci ke nanatawa shi ne, hawan jini da ciwon sukari da yawan shan maganin kashe ciwon jiki ba da izinin likita ba suna lalata ƙoda a ɓoye, mutum bai sani ba sai ƙafa ta kumbura. Awon jini da na fitsari ba su da tsada, kuma su ne ke kama ciwon da wuri. Wanda ya kai ga wankin ƙoda kuwa, sau biyu ko uku ake bukata a mako. Ku auna da mutumin da sai ya yi fito kafin ya ga kwalta.

Saboda haka muna ba ƙungiya shawara ta rubuta takarda, ta kai wa shugabannin ƙananan hukumomin Nguru da Bade, da 'yan majalisarmu, da fadar Sarkin Nguru da ta Mai Bade, da waɗannan buƙatu:

Na farko, a sa ma'aikaci a kowace babbar maƙetara, musamman ranar kasuwa, ɗan gari wanda ya san ruwan, ya yi aiki tare da sarkin ruwa da shugabannin masu fito. A rubuta adadin mutane a jikin kowane jirgi da fenti, yadda ake rubutawa a jikin motar haya.

Na biyu, a ajiye rigunan ceto a bakin ruwa, har da na yara, a damƙa su hannun wanda za a tambaya in sun ɓace. Rigar da aka raba gaban kyamara ta ƙare a ɗaka ba ta ceci kowa ba.

Na uku, a ba cibiyoyin lafiya na mazaɓun bakin ruwa jirgin ɗaukar marar lafiya. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware asusu na musamman domin ƙananan asibitoci. Kwamitin lafiya na mazaɓa yana da ikon tambayar abin da ya shigo da abin da aka yi da shi. Mu shiga kwamitocin nan.

Na huɗu, kafin damina ta kankama a kai magani da gidan sauro ƙauyukan da aka san ruwa zai yanke. Ba a fafa gora ranar tafiya. A dawo da martabar duba-gari, a riƙa auna ruwan rijiyoyi da na burtsatse, a gaya wa jama'a sakamako da harshen da suke ji.

Na biyar, Yobe da Jigawa su zauna tare kan yankan kachala da yashe hanyoyin ruwa, domin ruwa bai san iyakar jiha ba.

Mu kuma 'yan kasuwa akwai abin da ke hannunmu wanda ba ya jiran kowa. Buhunan da ke shiga jirgi namu ne, saboda haka muna da ta cewa. Mu yi ittifaƙi cewa kayan nauyi su bi jirginsu daban, mutane su bi nasu, ko da kuɗin fito zai ƙaru. Mu sallami mutanen ƙetare tun la'asar, mu biya su kuɗinsu da wuri, domin sau da yawa jiran ciniki ke kai su dare. Mu cire wani abu daga asusun ƙungiya mu sayi rigunan ceto, sadaka ce mai gudana. Muna kuma roƙon limamanmu su sa wannan magana a huɗuba.

Zama ya yi zama, ba baƙi ba ne mu da za mu yi shiru mu ce ba ruwanmu. Za mu yi magana da ladabi, ta hannun iyayen ƙasa, tare da 'yan'uwanmu Mangawa da Badawa da Fulani, kuma mu riƙa komawa muna tuni har a ga aiki a bakin ruwa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya yi wa shugabanninmu jagora, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.