Tsakuwar Zare: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Iyaye Mata Na Ƙungiya

  

Wannan abu da ake zagayawa da shi a cikin faifai, kowacce ta ɗauka ta juya shi a hannu, domin gani ya kori ji. Daga nesa sai a ce tsakuwa ce aka tsinto a bakin rafi, gansakuka ta kama ta. To ba dutse ba ne. Kwali ne da auduga da ƙyallen akoko da zare, kuma a kansa muke son mu yi magana yau.

Kun sani tun da aka kafa Sabo a nan Ibadan cikin 1916, mazanmu goro da shanu suka sa gaba, mata kuwa daga cikin gida suke neman na kansu. Mun taso mun iske uwaye da kakanni da allura a hannu, wannan tana surfani, waccan tana ɗinkin hula. Yau fa? Keken aiki ya karɓe yawancin aikin riga, 'ya'yanmu kuma suna bakin titi da farantin talla tun hantsi har magariba. Yarinya ta kai aure ba ta iya dasa maɓalli ba. In muka ɗora mata hula tun farko, makonni za ta yi ba ta ga ƙarshenta ba, ta gaji ta yar. Shi ya sa muka nemo ƙaramin aiki wanda za ta gama cikin kwanaki kaɗan, ta riƙe a hannu ta ce ni na yi.

Irin wannan ɗinki mai tudu ba namu ba ne, gaskiya ɗaya ce. A Ingila ya yi tashe, wajen 1650 zuwa 1700, lokacin da 'yan mata suke cusa ulu a ƙarƙashin ɗinki, su sa waya da 'yan guntayen katako, har zane ya taso sama. Akwai wata yarinya, Martha Edlin, wadda ta gama ƙawata ɗan akwatinta cikin 1671 tana da shekara 11, kuma akwatin yana nan a gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan. Su dai surar mutane da dabbobi suke yi. Ita kuwa tsakuwa ba mai rai ba ce, saboda haka ba wadda za ta ji ɗar ta ajiye ta a ɗaki.

Ga yadda ake yi. A samo ƙyallen akoko biyu, a zana siffar tsakuwa a kan ɗaya, kamar girman ƙwan agwagwa. Kada a yi ta da'ira sak, don Allah bai halicci tsakuwa da ma'auni ɗaya ba. Sai a zuba 'yan tarkace tsakanin ƙyallayen nan biyu: maɓalli, dutsen ado, ƙaramin zobe na roba. A ɗame ƙyallen sosai a zoben katako, a bi gefen kowane abu da ƙananan ɗinki har ya kamu ya yi tudu. A nan ne kwari da tudun tsakuwar suke fitowa. Abin ƙarfe mai tsatsa kada a sa, zai ɓata yadin.

Daga nan sai cikon zare, kuma nan ne makarantar take. Na farko ƙulli, wanda Turawa suke kira ƙullin Faransa: a fito da allura, a naɗa mata zare sau ɗaya ko biyu, a mayar da ita dab da inda ta fito, hannun hagu yana riƙe da zaren har ya shige. In an jera su da yawa sai su zama kamar tsabar gero. Na biyu doguwar naɗi: a naɗa zaren kamar sau goma a jikin allura, a danne da babban yatsa, a zare allurar a hankali, sai ya kwanta kamar ƙwayar shinkafa. Wannan yana son allura wadda kafarta ba ta fi jikinta kauri ba, in ba haka ba sai ta maƙale. Na uku ido irin na hula: a huda tsakiyar zoben da aka ɓoye, a bi bakinsa da zare har ya rufu. Na huɗu a bar zare ya yi madauki-madauki, a kafe kowane da ɗan ɗinki, a yanke kawunan da almakashi, shi ne gansakukar.

Sirrin kyawunta biyu ne. Launi ya zama dangi ɗaya, fari da ruwan madara da ruwan ƙasa, ko kuma ruwan toka, amma kaurin zaren ya bambanta: ulu, siliki, zaren kwasha, zaren tela. Sannan kada a cika ko'ina. A cunkusa gefe guda, a bar wani gefen fili, ido ya sami wurin hutawa.

In an gama, a yanka kwali biyu daidai siffar. A ɗora wa ɗaya auduga hawa uku, ƙarami a ƙasa, babba a sama, don ya yi doro. A yanke yadin a bar masa inci 1 a gefe, a bi bakin da dogon ɗinki, a ja zaren ya tattare a bayan kwalin, a ɗaure shi da zare mai ƙarfi gicciye-gicciye. Kwali na biyu a lulluɓe shi da yadi marar aiki, a haɗa su baya da baya da ɓoyayyen ɗinki. Mai son ta yi nauyi don danne takarda, sai ta lulluɓe dutsen gaske maimakon kwali. A kula da masu rarrafe, kada su ɓanɓare dutsen ado su haɗiye.

Iyayenmu, ba za mu yi muku ƙarya mu ce da wannan za a yi arziki ba. Za a iya sa ta a kabad, a soka mata allurai, a ba amarya. Amma ribar tana hannun yarinyar. Wadda ta iya ɗame zare bai yi sako-sako ba bai kuma tattare yadi ba, ta iya ido mai kyau, to ta kama hanyar hula da surfani, sana'ar da za ta bi ta har ɗakin miji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Roƙonmu shi ne, kowace uwa ta rage wa 'yarta tallan yamma ɗaya a mako, ta turo mana ita da allura da almakashi. Telolinmu kuma don Allah su daina zubar da ƙyallaye da guntayen zare, a tara mana. Hajiyoyin da suka iya aikin da, ku zo ku zauna da yaran nan, don abin da ke hannunku ba ya cikin littafi.

Allah Ya sa wa 'ya'yanmu albarka, Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu.