Jawabi Kan Tsohon Kwabo Mai Huda Da Yadda Ake Sanin Darajarsa

  

Abin da ya sa muka nemi a ba mu wannan ɗan lokaci shi ne wata magana da ta faru a nan unguwarmu ta GRA. Wata baiwar Allah, bayan ta fita takaba, ta buɗe akwatin maigidanta ta tarar da gwangwanin madara cike da tsofaffin kwabbai. Kafin sati ya zagayo wani saurayi ya zo ya ce mata akwai guda ɗaya a ciki wanda Turawa ke nema da miliyoyi, amma sai ta fara biyan kuɗin gwaji. Ta sayar da akuyarta ta ba shi, har yau ba a sake ganin ƙeyarsa ba. Da aka kawo mana gwangwanin shago muka zazzage, wallahi sai da jikinmu ya yi sanyi, don ta bi su duka ta goge da toka da lemun tsami. Ashe ta yi hasara biyu ne.

To, mu ba masu digiri ba ne, kasuwa ce makarantarmu bayan Islamiyya. Amma ɗan kasuwa ya san ba a yi wa kaya kuɗi sai an san asalinsa. Kuɗin nan masu huda a tsakiya Turawan mulkin mallaka suka fara kawo su a 1907. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi guda ɗaya ta Nijeriya da Gwalkwas, wato Gana ta yau, da Saliyo da Gambiya. Yaranmu ba su san lissafin ba: anini goma kwabo ɗaya, ɗari shi ne rabin kwabo, kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Haka aka tafi har ranar 1 ga Janairu 1973 da naira ta shigo, fam ɗaya ya koma naira biyu. Mu da kwabon naira muka taso, wancan mai hudar a hannun kakanninmu muka gan shi, an zura shi a zare.

Abu na farko da za ka duba shi ne launi. Kalmar kwabo daga sunan jan ƙarfe da Turanci ta fito, amma abin mamaki kwabon farko fari ne. Sai a 1952 aka koma buga shi da tagulla, ya zama ja. Saboda haka in wani ya miƙo maka jan kwabo yana rantsuwa wai tun zamanin Lugga aka buga shi, ka ce ya karanta maka shekarar da ke jiki. Tana nan a ɓangaren da aka zana tauraro mai tsini shida. A ɗaya ɓangaren kuma akwai kambi da sunan sarkin Ingila na lokacin, da ɗan rubutu da haruffan Larabci wanda duk ɗan makarantar allo zai gane.

Sai ka nemi madubin ƙara girman rubutu, irin na masu gyaran agogo, ka duba ko akwai ɗan ƙaramin harafi. H na nufin gidan buga kuɗi na Heaton a Birmingham, KN kuma na Kings Norton. Kwabo biyu na shekara ɗaya suna iya bambanta a kuɗi saboda wannan ɗan harafin kawai, domin wani gidan ya buga da yawa, wani kaɗan.

Nan ne mutane ke ruɗewa. Sun ɗauka tsufa shi ne tsada, alhali ƙarancin abu shi ke sa masa kuɗi. Ku ɗauki kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda bai cika shekara bisa mulki ba ya sauka. Masu yaudara sun fi son wannan, don labarinsa na da daɗin ji. Gaskiyar magana, an buga shi da yawan gaske, kuma a wajen masu tara kuɗi na ƙasashen waje ba abin nema ba ne ruwa a jallo. Wanda ya sha hannu a cikinsu da kyar ya yi kuɗin cefanen yini. Wanda ake nema shi ne na kuskure, kamar kwabon da ya fito da shekarar 1945 amma da sunan Edward ɗin nan a jikinsa, shekara tara bayan saukarsa. Irin wannan mutum na iya ƙare rayuwarsa bai yi ido biyu da shi ba.

Daga nan sai lafiyar kwabon. Kamar yadda muke raba shadda a Kasuwar Wunti, wannan ta farko wannan ta biyu, su ma suna da matakai. Amurkawa na amfani da ma'auni daga 1 zuwa 70, wanda wani mai suna Sheldon ya tsara a 1949, kuma don tsofaffin kwabbansu na jan ƙarfe ya yi shi. Lamba 1 shi ne wanda ya suɗe har da kyar a gane shi, 70 kuwa kamar yau ya fito daga inji. Kai dai duba wuraren da suka fi tudu, wato ƙananan duwatsun kambi da layukan tauraro, su ke fara cinyewa. Duba baki ko ya lotsa. Duba hudar, in zare ya ci gefenta ko an taɓa buga ƙusa a ciki wajen rufin kwano, daraja ta faɗi. Koren tsatsa mai gari-gari ciwo ne, a ware mai shi daga sauran.

Amma duhun nan mai kama da ƙasa-ƙasa da tagulla ke yi in ta daɗe, don Allah a bar shi. Shi ne shaidar shekarunsa, shi mai saye yake fara dubawa. Toka, yashi, lemun tsami, man goge ƙarfe, duk suna kankare fuskar kwabo, kuma ba ta dawowa. Ko wajen ɗauka ma a riƙe shi ta gefe, a naɗe kowane ɗaya a takardarsa, a ajiye inda laima ba ta kaiwa.

Game da masu cewa kwabon gaskiya yana jan allura ko shinkafa, ko wai akwai wani sinadari a cikinsa, ku saya wa kanku mayen ƙarfe. Tagulla ba ta kama shi, farin kwabon dā ma haka. Wanda ke kamawa shi ne kwabon 1991, don cikinsa baƙin ƙarfe ne aka yi masa rufi.

Mu 'yan kasuwa kuma, a gaya mana tamu. In marainiya ko tsohuwa ta kawo mana gwangwani muka hango mai daraja a ciki, muka saye duka a kuɗin gwangwan, ba cinikin halal muka yi ba. In kuma kayan mamaci ne, to ya shiga gado, sai an kira magada an ƙirga a gabansu, kamar yadda malamanmu da ke zaune nan suka fi mu sani.

Mun yi magana da Shugaba, ranar taronmu na gaba bayan La'asar duk mai irin waɗannan kuɗi ya zo da su yadda suke, kada a wanke. Za mu zo da madubi da mayen ƙarfe, sakatare zai rubuta wa kowa shekara da harafin abin da ya kawo, ba a biyan ko anini.