Bayan an tsamo mutum daga ruwa: lacca ga jama'ar Sabo, Ibadan



Idan kwalekwale ya kife aka tsamo mutum da rai, jama'a sukan yi hamdala su ɗauka an gama. Ni a ganina lokacin ne aikin ya fara, domin akwai haɗari na biyu da ba a gani da ido, wato sanyin da ya shige jiki. Zafin jikin mai lafiya digiri 37 ne. Da zarar ya sauka ƙasa da 35, tunani ya fara rikicewa, harshe ya yi nauyi, hannu ya kasa riƙe filafili balle igiya. Ruwa kuwa yana zuƙe ɗumin jiki kusan ninki 25 na yadda iska ke yi.

Wani zai ce wannan zancen ƙasashen ƙanƙara ne, ina ruwan madatsun ruwanmu na Eleyele da Asejire da shi? Gaskiya ruwanmu bai kai sanyin da ke sarƙe numfashi cikin minti ɗaya ba, kamar tafkunan Kanada. Amma ruwa ba sai ya yi ƙanƙara yake satar ɗumin jiki ba. Muddin bai kai jiki ɗumi ba, yana ja, sai dai a hankali. Masuncin da ya kwana rungume da jirginsa da ya kife, ya fito da jiƙaƙƙen tufa cikin iskar hunturu, yana cikin haɗari, yaro da tsoho kuma sun fi saurin galabaita. Haɗarin jirgin ruwa na Bagwai a jihar Kano ya faru ne ƙarshen Nuwamba 2021, farkon ɗari, kuma yara 'yan Islamiyya ne suka fi yawa a jirgin.

Abin takaici, taimakon da muka saba yi yakan ƙara cutarwa. Ana murza hannu da ƙafa, a matsar da mutum jikin wuta, a tashe shi wai ya taka jini ya motsa. Jinin da ke gaɓoɓi mai sanyi ne. Idan aka kora shi zuciya gaba ɗaya, zafin ciki ya ƙara faɗuwa, bugun zuciya ya iya rikicewa. Fatar da ta sandare kuma tana ƙonewa mai ita bai ji ba. Danna ciki don a fitar da ruwa amai kawai yake jawowa, aman ya koma huhu. Abin yi shi ne a ɗauko shi a kwance, a cire jiƙaƙƙen kaya, a shimfiɗa masa tabarma, a lulluɓe ƙirji da kai da busasshen bargo. In yana cikin hayyacinsa a ba shi shayi ko koko mai ɗumi da sukari. Rawar ɗari alama ce jiki na kokawa. Wanda ya daina karkarwa alhali jikinsa sanyi ƙalau, shi ne abin tsoro.

Saura batun gaggauta jana'iza, wanda na bar wa malamai hukuncinsa. Sai dai sanyi kan rage numfashi da bugun jini har a kasa jin su. A 1999, a Norway, an farfaɗo da wata likita, Anna Bågenholm, bayan zafin jikinta ya sauka zuwa digiri 13.7. Ruwanmu ba zai kai mutum can ba, amma tabbatar da rasuwa aikin likita ne. Daga Sabo zuwa asibitin UCH ba nisa. Don Allah a kai duk wanda aka tsamo can, ko da ya ce ya warware.