Kwancewar Notin Fuli a Injin Mota Mai Tarbo



Idan Bahaushe ya ce notin wane ya kwance, kowa ya san hankali ake nufi. Maganar kuwa daga gareji aka aro ta. Wannan lacca za ta tsaya ne a kan noti guda ɗaya tak, watau wanda ke riƙe da fuli a gaban injin mota.

A cikin inji akwai wata sandar ƙarfe mai gwiwoyi wadda makanikai ke kira kiranshaf. Duk sa'ad da mai ya kama wuta a silinda, fistin yakan doki sandar nan, ta ɗan murɗe, sa'an nan ta warware, sau dubbai a minti guda. Domin kwantar da wannan karkarwa ne ake ɗaura fuli mai nauyi a bakinta, galibi ƙarfe biyu da roba a tsakani. Frederick Lanchester, mutumin Ingila, ya yi rajistar irin wannan dabara tun 1910. Ita kuwa tarbo, wadda Alfred Büchi na Suwizalan ya yi wa rajista a 1905, iska take ɗura wa inji. Saboda haka dukan da fistin ke yi sai ya ƙaru, murɗewar ma ta ƙaru.

To, a nan ne akasarin mutane ke yin kuskure, domin suna zaton tiredi ne ke riƙe noti. Alhali kuwa noti miƙewa yake yi kaɗan idan an ɗaure shi, kuma ƙoƙarinsa na komawa yadda yake shi ne ke matse fuli a jikin sanda. Wani injiniya Bajamushe, Gerhard Junker, ya nuna a 1969 cewa abin da ya fi kwance noti shi ne ɗan zamewar da ƙarafan da ya matse ke yi gefe da gefe. Da zarar fuli ya sami wurin motsi, ko da bai kai kaurin gashi ba, sai ya riƙa cin bakin sanda, matsi ya ragu, motsi ya ƙaru. Kafin a ji ƙara, ɓarna ta yi nisa.

Alal misali, injin S55 da kamfanin BMW ya sa wa motocin M3 da M4 daga 2014, matsin noti kaɗai ke riƙe da haƙoran da ke jan sarƙar taimin. Idan suka zame, abin da aka fi gani a injunan da aka ƙara wa ƙarfi, taimin yakan goce, har fistin ya iya dukan bawul. Don haka ne masu tsere ke huda wurin su kafa ƙusa, ko su sauya ƙarfen da wanda aka ƙera a dunƙule.

Abin takaici shi ne yadda wasu ke magance matsalar: a ɗauko tsohon noti, a sa dogon bututu a sifana, ƙato ya hau. Wannan ganganci ne. Da yawa daga cikin irin waɗannan notuna an yi su ne don a ɗaura sau ɗaya, domin miƙewarsu ba ta komawa. Ƙa'ida ita ce a duba bakin sanda da robar fuli, a goge wurin tsaf, a sa sabon noti, a ɗaure shi da sifana mai awo, sa'an nan a ƙara juya shi daidai adadin digirin da maƙeran injin suka rubuta.