Hasashe Biyu Kafin A Shiga Gona



Mu ƙaddara ma'aikatar gona ta ba mu sabon taki, ta ce mu gano ko yana ƙara yawan gero. Tun ba mu yi shuka ba, wajibi ne mu rubuta hasashe biyu, domin wanda ya jira sai ya ƙirga dammuna, son zuciyarsa zai rubuta. Na farko shi ne hasashen babu bambanci: gonakin da aka zuba wa takin da waɗanda ba a zuba wa ba, amfaninsu ɗaya ne. Na biyu, hasashen bincike, shi ne zatonmu: masu taki za su fi.

Na farkon muke gurfanarwa gaban ƙididdiga. Ronald Fisher na Ingila ya nuna a littafinsa na 1935 cewa ba a tabbatar da shi, sai dai a rushe shi. In har, da babu bambanci, tazara kamar wadda muka gani ba za ta auku bisa dace ba sai ƙasa da sau 5 cikin 100, to, mu yi watsi da shi. In ba haka ba, hujjarmu ce ba ta isa ba. Kada mu rubuta wa ma'aikata cewa takin ba shi da amfani, a hana manoma shi.