INA SO IN SHIGA SOJA, AMMA INA TSORON BAKIN DAGA

Karatu: Maimaitawar Shari'a 20:1-9, Littafin Mahukunta 7:1-8, 2 Sama'ila 11:14-27

 

Wata ranar Lahadi bayan sujada wani saurayi ya tare ni a ƙofar majami'a. Shekararsa uku da gama sakandare, ba aiki, sai lebura a wurin gini. Ya ce, "Baba, na cika takardar shiga soja a intanet, sunana kuwa ya fito. Amma tun ran nan barci ya gagare ni. In na gama horo a Zariya aka ce mini sai Barno fa?" Mahaifiyarsa gwauruwa ce, shi ne ɗan fari, ƙannensa huɗu.

Ban ce masa matsoraci ba ne, gama tsoronsa yana da dalili. Tun 2009 sojojinmu suke fama da Boko Haram a arewa maso gabas. A Nuwamba 2018 an kai wa sansanin soja hari a Metele, jihar Barno, an yi asarar rayuka da yawa. Ga kuma 'yan bindiga a dazuzzukan Zamfara da Katsina. Ko kudu ma ba a tsira ba. A Maris 2024 an kashe sojoji 17 a Okuama ta jihar Delta, aka kawo su nan Abuja aka binne a maƙabartar sojoji da ke kan hanyar filin jirgin sama. Yaron nan ya ga hotunan akwatunan a wayarsa. Iyayenmu da suka tafi Laberiya da rundunar ECOMOG a 1990, sai an daɗe kafin labarinsu ya iso gida. Yau kuwa kafin a yi jana'iza kowa ya gani.

To, me Maganar Allah ta ce? Ku buɗe Maimaitawar Shari'a sura 20. A can Allah ya ba Isra'ila ka'idar fita yaƙi. Firist zai fara tsayawa ya ƙarfafa jama'a, ya tuna musu Ubangiji yana tare da su. Sa'an nan shugabanni su sallami mutum iri huɗu: wanda ya gina sabon gida bai shiga ba, wanda ya dasa gonar inabi bai ci amfaninta ba, wanda ya yi tashin yarinya bai aure ta ba, da wanda zuciyarsa ta karai. Ku lura, uku na fari duk zancen gida ne. Allah ya sani abin da yake hana soja barci sau da yawa ba harsashi ba ne, tunanin waɗanda ya bari a baya ne. Saurayin nan ma da na ƙara tambayarsa, sai ya ce, "Baba, ba mutuwar ba ce. Wa zai riƙe Mama?"

A zamanin Gidiyon an yi aiki da wannan ka'ida. Mutum 32,000 suka taru domin su yaƙi Madayanawa. Da aka ce mai jin tsoro ya koma, 22,000 suka juya gida. Fiye da biyu bisa uku ke nan! Littafin bai ce an zage su ba, bai kuwa ce an hukunta su ba. Shi kansa Gidiyon, a daren yaƙin sai da Allah ya aike shi tare da baransa su saurari mafarkin wani maƙiyi kafin zuciyarsa ta tsaya.

Amma ɗana, ka ji wannan da kyau. Ƙofar komawa a buɗe take kafin ka yi rantsuwa, bayan rantsuwa kuwa ta rufu. A Disamba 2014 kotun soja a nan Abuja ta yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa, bisa zargin sun ƙi bin umarnin fita yaƙi. Su kuwa sun ce makamai ne ba a ba su isassu ba. A 2015 aka sassauta hukuncin ya koma ɗaurin shekara 10. Ban kawo wannan don in yi shari'a tsakaninsu da shugabanninsu ba. Na kawo ne domin ka san aikin soja ba kamar aikin gadi ba ne, da za ka ajiye sanda ka tafi ran da ka gaji. Gaskiya ne akwai direbobi a soja, da makanikai, da ma'aikatan asibiti, da masu busa da kiɗa. Duk da haka kowa mai kaki ne, inda aka tura shi kuma can zai tafi. Idan albashi kaɗai ya ja ka, zauna tukuna ka yi lissafi, kamar sarkin nan da Yesu ya ba da misalinsa a Luka sura 14.

Akwai wani tsoro kuma da samarinmu ba su cika faɗa a fili ba. Sukan ce, "Mu ba mu da kowa a sama. Ɗan mai hanya zai zauna a ofis, ɗan talaka a kai shi daji." Wannan ma ba baƙon abu ba ne ga Littafi Mai Tsarki. Uriya Bahitte soja ne mai aminci, baƙo kuma a cikin Isra'ila. Sarki Dawuda ya rubuta wa Yowab ya sa shi inda yaƙi ya fi zafi, a janye a bar shi. Uriya da hannunsa ya kai wasiƙar mutuwarsa. Ba wanda ya tsaya masa a fada. Amma aya ta ƙarshe ta surar ta nuna abin ya ɓata wa Ubangiji rai, ya kuwa aiki annabi Natan har gaban sarki. Saboda haka kada ka sa mahaifiyarka ta sayar da gona don a ba wani cin hanci ya gyara maka wurin aiki. Neman shiga soja kyauta ne, masu karɓar kuɗi a kai macuta ne. In kuwa kai ne mai rubuta sunayen waɗanda za a tura, ka tuna Natan.

Saurayin nan ya tafi gida ya zauna da mahaifiyarsa da kawunsa, suka yi magana har dare. Ban zaɓa masa ba, ba kuwa zan zaɓa maka ba. Ku iyaye, kada ku tura yaro don yunwa, kada kuma ku ɓoye masa takardarsa.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka dubi 'ya'yanmu da suke horo a Zariya, da waɗanda suke kwana a rami a daren nan. Ka ta'azantar da gwauraye da marayun sojoji. Ka ba wanda yake riƙe da takarda yana rawar jiki hikima ya san nufinka. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.